Inda Kwanso Ke Faɗuwa

Harlan Stiles ya gaji da gajerun bindigogi, ya gaji da masu su, kuma ba ya ɓoyewa. Tun yana saurayi yake gyaran bindiga a ɗan shagonsa da ke bayan gidansa, a kudancin Oklahoma. Yanzu gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, bakin ne kawai bai yi ritaya ba. Duk wanda ya kawo guntuwar bindiga yana kukan tana shuri kamar jaki, tana fesa masa hayaƙi a ido, sai Harlan ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Kai ka datse mata hanci, sannan kana mamakin tana huci?"

Ciwon ɗaya ne kullum. Iskar harbi ce take yi wa bindigar yawa, sai ƙarfen cikinta ya riƙa komawa baya a guje. Maganin yana cikin gindinta, wani ɗan ƙarfe mai kaurin babban yatsa da suke kira bafa, shi ke tare wannan gudun. In bai da nauyi bindiga ta yi hauka, in nauyin ya wuce kima ta yi kasala, ta kasa ɗauko harsashi na gaba. Ana gane daidai ne daga inda kwanson harsashi ya faɗi. Mai harbi ya ɗauka a tsakiyar agogo yake, bakin bindiga na kallon sha biyu. Kwanso ya yi gaba wajen ƙarfe ɗaya, iska ta yi yawa. Ya sauka wajen ƙarfe huɗu, aiki ya yi kyau.

Sai dai mai harbi ba ya ganin kwansonsa, idonsa na kan saiti. Wannan aikin matarsa Nadine ne. Tun aurensu take tsayawa a bayan kafaɗarsa ta dama da kofi a hannu, tana kiran lokaci. "Ɗaya da rabi, tsoho. Ƙara mata nauyi." Abin toshe kunne kuwa a wuya take rataye shi, wai in ta sa ba ta jin gunaguninsa. Bara likita ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama saura kaɗan, in ta ci gaba da tsayawa kusa da harbi shi ma ta yi masa bankwana. Harlan ya hana ta taka filin gwajin harbi da ke bayan gidansu, shi kuma bai ƙara karɓar guntuwar bindiga ba.

Ana nan sai ga maƙwabciyarsu Marisela Ochoa, mai gonar gyaɗa, da bindiga naɗe cikin tsohon bargo. Aladun daji sun tasa gonarta a gaba, bindigar kuma ta kumbura mata kafaɗa.

"Na daina, 'yar nan," in ji Harlan.

"Ka daina me, Mista Harlan? Aiki ko gunaguni? Don ɗayan dai na ji yana nan da ransa."

"Ki kai birni."

"Kafin na birni su waiwaye ni aladu sun gama girbi."

Ya karɓa yana tsaki. Washegari da hantsi ya shimfiɗa tamfol a damansa, a ganinsa ya yi dabara: ya harba, ya juyo, tamfol ya nuna masa inda kwanso ya kwanta. Ya harba, ya juyo, ga kwanso can gaba, ƙarfe ɗaya. Ya cire bafa ya sa wadda ta fi ta nauyi. Ƙarfe ɗaya. Ya sa ta gaba da ita, har yanzu ƙarfe ɗaya. Rana ta take, gumi na shiga masa ido, duk sunkuyawa sai gwiwa ta yi ƙara. Da ya sa mafi nauyin da ke cikin akwatin kayan aikinsa, bindigar ta harba sau ɗaya ta tsaya cak, ta ƙi ɗauko harsashi.

Ya kifa bokiti ya zauna. Ba haushi ya ji ba, gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta. Ya fara shirya abin da zai ce wa Marisela.

Ƙofar kicin ta buɗe. Ganin Nadine ta nufo shi da kofi, ya yi maza ya zare harsasai ya ajiye bindigar a ƙasa.

"Ba na ce kada ki zo nan ba?"

"Mayar mata da ta biyun," ta ce, da ƙarfi, yadda take magana yanzu. "Tun a ta biyu kwanso yake sauka ƙarfe huɗu. Tamfol ɗinka ne ke yaudararka. Filin nan gangare ne, kwanso yana sauka sai ya gangara gaba. Tun safe nake kallonka ta taga kana dambe da kanka."

Harlan ya dubi tamfol, sannan ya dubi tagar kicin, can nesa, bayan igiyar shanya.

"Ashe daga can ma ana gani?"

"Me ka ce?"

Ya tashi da ƙyar, ya zagayo ta damanta, ya sake faɗa a saitin kunnen da ya rage.

"Yo tun da can ana gani mana," ta ce, ta miƙa masa kofin. "Nan ɗin dai nake son tsayawa."

Harlan ya karɓi kofin. Ya mayar da bafa ta biyu, ya jira har ta shiga, har ya ga ta rufe ƙofa ta ja gilashin taga. Sannan ya harba. Bindigar ta tura kafaɗarsa a hankali, hayaƙin ma da sauƙi. Ya ɗan dakata yana jiran muryar da ya saba ji a bayan kafaɗarsa, sannan ya tuna, ya juya. Can cikin gilashi Nadine ta ɗaga masa yatsu huɗu.