Tulun Tsohon Tela

Jiya a unguwar Bagdadiyya, nan Jidda, na gifta wani shago, ƙamshin turaren tsinke ya doki hancina, na tsaya cak kamar an kira sunana. Ƙamshin nan, mai karatu, unguwar Nuzla ya mai da ni, gidan da na tashi.

A saman benenmu akwai wani tsohon tela Ba'indiye, mai bin addinin Hindu. Mu yara tsoron ɗakinsa muke ji. Kowace safiya sai a ji 'yar ƙararrawa, sannan muryarsa ƙasa-ƙasa, ya yi magana ya dakata kamar mai sauraron amsa, alhali shi kaɗai ne. Ranar da Kaka ta aike ni da ɗinki na ga fitilar mai a gaban wani hoto, da 'yar shinkafa a faranti. Na ce shinkafar ta wane ne? Ya nuna hoton, ya ce da gurgun Larabcinsa, "Maujud. Yana nan."

Kusa da hoton akwai ɗan tulun jan ƙarfe, an liƙe bakinsa da dalma. Ruwan koginsu mai tsarki ne, ya ɗebo sa'ad da ya je ziyara a ƙafa yana saurayi. A al'adarsu shi ake ɗiga wa mutum in zai cika. Ba shi da kowa a Jidda, sai ya roƙi Kaka wannan alfarma. Ta amsa, don ita ma tana ɓoye da gorar Zamzam a ƙarƙashin gado, wadda marigayi kakana ya ja da guga da hannunsa, tana jiran tata ranar.

Wata safiya cikin tsananin zafi ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Maza sun fita aiki, matan gida suka noƙe. Kaka ta ce, "Yalla, riƙe ni mu hau. Alkawari kaya ne." Mun same shi kwance, numfashi sama-sama. Idon Kaka ya yi rauni, ni na ɓamɓare dalmar da almakashinsa, na karkata tulun. Wayyo! Ko ɗigo babu. Ashe ya tsage, zafi ya shanye ruwan tuntuni. Shi kuwa ga bakinsa a buɗe, yana jira.

Kaka ta matse hannuna, ta raɗa mini, "Ƙarƙashin gado. Maza." Na sauka a guje na ɗauko gorarta, na juye ta kaf a tulun, ta yi bismilla ta ɗiga masa.

Ya haɗiye. Ya daɗe yana kallon Kaka, sannan idonsa ya tsallake mu zuwa ƙofa, ya haɗa tafukansa yadda yake gaida manya. Na waiwaya. Ba kowa, ba iska, amma wallahi harshen fitilar ya kwanta kamar wani ya gifta. Kafin in juyo ya cika.

Yau an rushe gidan, ko layinmu ba na ganewa. Da ranar Kaka ta zo, Zamzam na roba na ba ta, irin na kanti. Ta sha, ta riƙe hannuna ta ce, "Telan nan, ya gane kuwa?"

Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba.