Ranar da aka rubuta rijiyarmu

A ƙarƙashin aduwar ƙofar mai gari aka zauna. Akwai Nasaran da ya zo daga Tanut da littafi, akwai tafintansa mutumin Damagaram, da mai gari, da ƙanen mai gari, da liman, da wani Buzu da ya kawo gishiri ya tsaya kallo. Sai maigidana, da gurminsa a cinya. Ni ina bayan dannin kara, inda mata ke tsayawa.

Maigidana mai waƙa ne. Shi ke yi wa manoma waƙar gayya, kuma shi ya tsara waƙar rijiyar yamma, wadda har Ollelewa ake rerawa. Rijiyar nan ɗanmu na fari ya haƙa ta, rani uku yana cikin rami. Da ruwa ya fito bai sha na wata biyu ba aka kwashe shi aikin hanya. Sai ga labari cewa Nasara na yawo yana rubuta waƙoƙi, yana rubuta mai kowace rijiya, kuma abin da ya shiga littafi ya zauna ke nan.

Kwana uku ina shirya mutumin nan. In ɗora shi kan turmi, in zama Nasara.

"Wa ya yi waƙar?"

"To, ai tun zamanin kakana..."

"Malam, kakanka aka tambaye ka? Ka ce ni. Kalma ɗaya."

"Ke da Nasara ce da an gudu daga garin nan."

Na hana shi tauna goro yana magana. Na ce ya yanka zance gajere-gajere, don tafinta ba ya ɗaukar dogo, rabi yake zubarwa a hanya. Na ce kada ya taɓa gurmi sai an ce ya taɓa. In muka zo kan wanda ya haƙa rijiyar, sai in ce, "Nan sai ka faɗi sunan wancan." Shi kuma ya ce, "To, zan faɗa." Mu wuce. A wurinmu uwa da uba ba sa kama sunan ɗan fari. Shekara ashirin da wani abu sunan bai fita bakina ba, bai fita nasa ba. Ko a cikin waƙar, "mai dogon hannu" ya ce.

Ranar, da farko ya yi kyau. Ya amsa a taƙaice, ya rera da aka ce ya rera, Nasara na gyaɗa kai. Sai tafinta ya juyo.

"Baba, ya ce wane ne mai dogon hannun nan?"

Maigidana ya dubi ƙasa. "Wani yaro ne na gidanmu."

"Sunansa ake so, Baba."

"Ai kowa ya san shi."

"Littafi bai san shi ba."

Aka yi dariya. Liman ya buɗe baki, mai gari ya kalle shi, ya rufe. Sunan yana kan harshena, dannin kara kawai ke tsakanina da su, amma na tsaya ina jiran namiji ya faɗa. Sai ƙanen mai gari ya matso ya ce, ranka ya daɗe, yaran gari ne suka haƙa, shi ya ciyar da su. Ƙwaryar fura biyu ya taɓa aikawa, ni na wanke ƙwaryar. Tafinta ya juya wannan tsaf, bai zubar da komai ba. Na ga alƙalami ya motsa.

Da muka koma gida maigidana ya ce, "Kin ga ban yi dogon zance ba."

Na zuba masa tuwo. Laifinsa ne, laifina ne kuma, don ni na koya masa komai na tsallake abu ɗaya da aka zo nema.

Da safe na ɗauki tulu na tafi rijiyar yamma. Na tarar ƙanen mai gari ya riga ya sa mutum a bakinta, mutumin yana cewa raƙuman ubangidansa za su fara sha. Mata sun yi layi suna jira. Na ajiye tulu, na leƙa cikin ramin, na kira sunan ɗana da ƙarfi har sau uku, yadda kowa zai ji. Wata tsohuwa ta kama baki ta ce na zubar da kunya. Na ce mata e. Sannan na koma bayan raƙuma na jira.