Habbanayen Kawu Hamma

Kawu Hamma ba ya gyara na'ura sai ya fara sansana ta. Duk wanda ya taɓa kai masa waya ko ordinatar, wato kwamfuta, a rumfarsa ta bakin kasuwar dabbobi ya san haka. Zai karɓa ya rufe ido ya kai hanci, kai kuwa kana tsaye kana jiran hukunci. Wata rana wani mai shago ya kawo tasa ta ƙi tashi. Kawu ya shaƙa ya ce, "Alhaji, wagga shayi ta sha." Mutumin ya rantse ko ruwa bai taɓa kusantar ta ba. Kawu ya ce, "Ban ce kai ka ba ta ba. Amma da sukari ta sha shi." Da aka buɗe, tururuwa ce fal a ciki.

Kada ku ce hancin ba ya ƙarya. Akwai ranar da ya ce wa wata mata wayarta ta ƙone ƙurmus, ashe hayaƙin mai tsire ne ya shigo rumfar. Har ya bar duniya bai yarda ba. Cewa yake wayar ce ta ji tsoronsa ta warke.

Ku ƴan fadarmu ta hira kun san shi a mai gyara, amma ni da yake wan mahaifiyata ne na san shi tun yana dillalin shanu. Fari ya cinye garkensa, ya koma gyaran rediyo, daga nan waya, daga nan ordinatar. Sana'a ta canja, bakinsa bai canja ba. Kart mer, wato babban faifan nan da komai na na'ura ke hawa kansa, uwar garke yake ce mata.

Shekarar da na dawo daga Maradi ba aikin yi, abokaina suna shirin tafiya Aljeriya, ni ma zuciyata ta riga ta bi su. Matata Rabi tana da ciki. Ita ta ce in gwada abu ɗaya kafin in tafi, in buɗe ɗakin wasa inda samari za su riƙa buga ƙwallo a ordinatar. Ta sayar da ragonta ta ba ni kuɗin. Muka yi da ita cewa in abin ya tashi na zauna, in bai tashi ba in bi motar Agadas, hanyar Aljeriya.

Ina da wata tsohuwar na'urar ofis da na samu a gwanjo. Abin da ta rasa shi ne kart girafik, katin da ke zana hoton wasa. Na koma Maradi na sayo mafi girma a shagon, mai fanka jere kamar na ɗakin biki, na kawo wa Kawu ina washe baki.

Ya juya shi ya ce, "Lawali, wa ya raka ka ka sawo wanga?"

"Ni kaɗai, Kawu. Mai shagon ya ce babu kama tai."

"Ka tambaye shi ko uwar taka tana iya ɗaukar shi?"

"Yo ai na ga duk rami guda ne aka sa su."

"Rami guda! Raƙumi da akuya ma duk ƙahwa huɗu gare su, ɗan nan."

Ramin dai ya yi daidai, amma katin ya fi akwatin na'urar tsawo. Wani mai gyara zai ce a mayar da kati ko a nemi babban akwati. Kawu kuwa sayen sabon abu a wurinsa kamar zagin iyaye ne. Ya ɗauki akwatin a ka muka tafi maƙera. Maƙerin ya dube shi ya dubi akwati ya ce, "Hamma, taga zan yi mata ko ƙohwa?" Aka yanke ƙarfe, wutsiyar katin ta leƙo waje, Kawu ya rufe ta da gwangwanin madara ya ce don kada ta ji kunya.

Sai kuma ga wata. Katin yana son igiyar wutarsa daban, ɗan akwatin da ke raba wa na'urar wuta kuwa ba shi da ita, ba shi ma da ƙarfin. Kawu ya zazzage buhunsa na matattun na'urori, ya tono wani ya haɗa su da waya, ya ɗora shi kan bulo a gefe. Ya ce sai an kunna su tare, ni in danna nan shi ya danna can, da bisimilla. Muka danna. Fankoki suka tashi har suka ɗaga hular Kawu. Ekaran kuwa, allon da hoto ke fitowa, baƙi ƙirin.

Kwana da kwanaki yana fama. Ya ɗora laifi kan kuran, wato wutar lantarki, ya ɗora kan zafin rana, har ni bai bar ni ba. "Huskar ga taka ce ta hana ta tashi, hita waje!" Na fita, ba ta tashi ba. Daga ƙarshe ya ajiye turnabis ɗin da yake kwance ƙusa da shi. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Ya ce, "Uwar ta tsuhwa, Lawali. Tun kahin a yi irin wanga kati anka yi ta, ba ta gane shi. Sai wata sabuwa."

Sabuwa ba ni da halinta. Mai shagon Maradi kuma ya ƙi karɓar kati, don gwangwanin madara ya kankare masa gefe. Na faɗa wa Rabi tana tankaɗe. Ta ci gaba da tankaɗenta, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari na je tasha na tambayi ranar mota.

Yanzu sai in tuna muku da abin da ke bayan labulen rumfarsa. Kawu yana da tasa na'urar, wadda ya harhaɗa da tarkace, da wani ɗan ƙaramin kati da ko igiyar wuta ba ya so. Wasa ɗaya tal yake yi a kanta, na tuƙin babbar mota. Dattijo da furfura! Kullum bayan la'asar zai lodi shanu ya kama hanya, kuma bai taɓa gudu ba. Samari na ihu, "Kawu, taka ta mana!" Shi kuwa ya ce, "Dukiyar mutane ce a baya." In an kira magariba sai ya nemi gefen hanya ya faka da kyau, sannan ya tashi alwala. Tun da garkensa ya ƙare, ban san wani abu da ke sa shi nishaɗi kamar wannan ba.

Ina dawowa daga tasha na tarar ya kwance na'urar tasa. Ya zare ɗan katin ya sa a tawa, ya mayar da ƙarin akwatin wutan nan buhu. Ya danna, sai ga hoto tangaram.

Na ce, "Kawu, ba ni da abin biyan ka."

"Wa ya ce saida maka nika yi? Habbanaye ne."

Wanda bai tashi cikin makiyaya ba, habbanaye shi ne mai shanu ya ba wanda ba shi da ko ɗaya aron saniya. Ta haihu a hannunsa, ƴaƴan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita.

Na ce, "Kati yana haihuwa ne?"

"Kai dai ba shi ruwa da inuwa."

Na tambaye shi motarsa fa? Ya ce ai ya gaji da tuƙi, bayansa ke ciwo. Ƙarya yake. Na sha wucewa da la'asar in gan shi zaune a bayan labule, hannuwansa kan gwiwa, yana kallon hanya.

Katin kuwa ya haihu. Ƙwallon ba ta fita da kyau sosai, ƴan wasan kamar an sassaƙa su da gatari, amma samarin Dakoro ba su damu ba, har daga Sabon Maci ake zuwa ranar kasuwa. A hankali na sayi sabuwar kart mer da ta dace da babban katin nan, wannan karon sai da na tafi da shi a hannu aka gwada a gabana. Na je mayar masa da nasa ya fi a ƙirga. Kullum amsarsa ɗaya, "Ba ta yaye ba tukun."

Da ciwo ya kwantar da shi na ce yau kam ko ya ƙi ko ya so. Na naɗe katin a ƙyalle mai tsabta na kai masa gida. Matarsa Inna Dije ta ɗaga shi ya jingina da bango. Ya karɓa ya riƙe a ƙirji, bai ko buɗe ba.

Ya ce, "Lawali, an ce mini har jakar tahiya ka saya waccan shekara. Tana ina?"

Na ce, "Rabi ta zuba wake ciki, Kawu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Madalla. Wake ya hi." Sai ya juya fuska bango.

A zaure Inna Dije ta tsayar da ni. Ta ce ranar da ɗansu Buba ya bi motar Agadas, Kawu ba shi da ko akuya da zai ba shi ya zauna. Kun dai san har yau babu labarin Buba. Na tsaya a zauren nan na kasa sa takalmina.

Allah ya jiƙan Kawu Hamma, ya yalwata masa makwanci, ya ba Inna Dije haƙuri. Buba kuma, in yana raye, Allah ya nuna masa hanyar gida.