Burodin da ɗana yake kaiwa bayan gari

Shekarar da ɗana na fari ya cika sha shida, sai ya koma min baƙo a gida. In na yi masa magana ya ce "uhm". In na tambayi ina za shi, ya ce "nan ne". Tuwona da ya girma a kansa, wai yanzu ba ya yi masa. Ban damu ba, na ce ƙuruciya ce, kowa ya yi tasa.

Wata rana na je sayen sabulu, mai shagon bakin layinmu ya jira mutane suka watse, sannan ya rage murya. "Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Yaron nan naki burodi yake saye cike da leda, ya ɗaure a keke ya nufi bayan gari. 'Yan sa-kai sun fara tambayata ɗan gidan wane ne."

Wanda bai zauna Birnin Gwari ba, ba zai gane ba. A nan, burodi in ya wuce na shan shayin gida, ya zama abin magana. Kowa ya san mutanen daji aika musu ake yi, kuma wanda aka kama da kayan aiken, ba kullum ake tsayawa jin ta bakinsa ba. Sabulun ma a shagon na baro shi.

Babansa yana Kaduna, kuma wannan ba maganar waya ba ce. Washegari bayan la'asar, yana fita da keken na zari hijabi na bi bayansa. Ni da ke fama da ciwon gwiwa, ga ni ina zabga sauri a gefen gonakin masara, ina salati, ina tunanin wa ya ja min shi, da me na rage shi. Wallahi har na gama shirya yadda zan durƙusa gaban ko su wane ne, in roƙe su su bar min ɗana.

Can na hango keken jingine jikin wani kango marar rufi. Daga ciki nishi ke tashi, ana cewa, "Ɗaga! Ɗaga mana!" Na lallaɓa na leƙa.

Ashe 'yan ajinsu ne, duk ba riga, kowa haƙarƙari a waje. Sun cika gwangwanayen fenti da siminti, sun soka bututun ƙarfe a tsakani. Ga ɗana kwance a kan benci yana kokawar ɗagawa, ido ya firfito, hannu na rawa. A gefe ga burodin da ƙaton kwanon wake, wai an ce musu shi ke buɗa ƙirji.

Na zauna a kan bulo na fashe da kuka, kukan daɗi, sai kuma dariya ta ƙwace min. Daga nan na tuna ni ce uwa, na cire takalmi.

"Kai, don ƙaniyarka! Ƙwanjin me za ka yi da hannu kamar sillen kara? Ka san abin da ake faɗa a kanka a gari?"

Da na gaya musu, wani har burodin da ke bakinsa ya kasa haɗiyewa.

Na ce daga yau a tsakar gidana za a riƙa wannan hauka, wake kuma ni zan dafa. Na sa su gaba da gwangwanayensu a ka, na ce sai mun bi ta gaban shagon da bencin 'yan sa-kai, kowa ya ga mutanen dajin da ake kai wa burodi. Mai shago ya yi dariya har da riƙe ciki.

Mun kusa gida ɗana ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Umma, kin fa ba ni kunya a gaban abokaina."

Na ce, "Ka ji ta da kyau. Mai rai ke jin kunya."

Na kama hannunsa a tsakiyar layi, ana kallonmu, kuma bai ƙwace ba.