Tankar Yaƙi a Sitonmu

Ina aji shida na firamare Baba ya dawo daga Kano da gem, 'yar na'urar wasa ta hannu, a aljihun babbar rigarsa. A lokacin ba mu daɗe da tarewa a unguwar Takur ba, bayan an dawo da aikinsa sakatariyar Dutse. Abin ɗan ƙarami ne, bai kai tsawon silifas ba, ruwan toka, yana cin batir biyu. Baba ya ce na mu biyu ne, ni da Yaya, wanda ya girme ni da shekara uku. Kafin la'asar ya zama na Yaya.

Wasanni uku muka fi sani a ciki: jera bulo, tseren mota, da tankar yaƙi. Yaya ne ya yi rabon. Ya ce bulo nawa ne, domin jera kaya aikin mata ne, kamar yadda nake jera wa Umma kwanuka. Mota da tanka kuwa na maza ne, suna son zafin hannu da taurin zuciya. Ban yi musu ba. Sai dai bulon nan bai taɓa burge ni ba. Ka jera, ya ɓace, wani ya sauko, ba ranar gamawa. Ni tanka nake so. Idan Yaya yana bugawa sai in tsaya a bayansa da tsintsiya a hannu, ina ganin abokan gaba suna zagayo shi ta hagu shi bai lura ba, ina cije leɓe don kada in yi magana.

Ana tashinmu daga makaranta kusan awa guda kafin su Yaya. Na san yana ɓoye gem ɗin cikin safa a akwatin littattafansa. Sai na fara ɗauka ina shiga sito da sunan shara, in zauna bayan buhun gero, in kashe ƙarar, in yi ta harbi har in ji ƙarar kekensa a ƙofar gida. Na yi makonni a haka. Abin da ban sani ba shi ne na'urar tana riƙe maki mafi yawa da aka taɓa ci, tana nuna shi duk lokacin da aka kunna. Ran nan hannuna ya yi kyau, na wuce makin Yaya nesa ba kusa ba.

Da yamma ya kunna, ya ƙura wa gilashin ido. Ya kashe, ya sake kunnawa. Da farko ya ce lalacewa ta yi. Bayan kwana biyu makin ya ƙara hawa, domin na kasa hana kaina, sai ya tabbatar akwai mai taɓa masa kaya. Tun daga ranar gidan ya sauya. Ya riƙa ɗora tsinken tsintsiya a kan murfin akwatin don ya gane idan an buɗe. A gabana ya ɗora, saboda haka nake mayar da shi yadda yake. Ya riƙa latsa gem ɗin a kumatunsa da zarar ya shigo, wai ko zai ji ɗumin hannu. Har Baba sai da ya yi wa kallon tuhuma wata Asabar. Ni kuwa kirana ya yi gefe ya ce, "Ke ce kike riga ni dawowa. Ki sa min ido, duk namijin da ya shiga ɗakin nan ki faɗa min."

Na ce to.

Zarginsa ya tsaya a kan babban abokinsa, ɗan wani malamin makarantar allo a unguwar Limawa. Yaro ne mai sanyin hali, yana zuwa gidanmu Alhamis da Juma'a idan ba karatu. Mahaifinsa bai yarda da irin waɗannan wasanni ba, shi ya sa yake bugawa a wurin Yaya, kuma ya iya. Yaya ya tuna akwai ranar da aka aike shi ya bar abokin a ɗaki shi kaɗai. Wannan ya ishe shi hujja. Ya tare shi a gaban sauran yaran unguwa, ya ce yana lallaɓowa gidanmu idan ba ya nan. Abokin ya rantse, Yaya ya ce rantsuwar ma ta yi sauri da yawa. Maganar ta bi bakin yara har ta kai Limawa. Muka ji labarin Malam ya yi wa ɗansa bulala, ya kuma hana shi taka Takur.

Na daina shiga sito, amma hankalina bai kwanta ba. Na fara zargin Umma ta sani. Wata rana tana tankaɗe, ba tare da ta dube ni ba, ta ce ba ta taɓa ganin ɗakin da ake sharewa kullum ƙura tana ƙaruwa ba sai sitonmu. Na kasa gane ko da biyu ta faɗa. Idan ta kira ni sai in zaci asirina ya tonu, ashe ruwa za ta ce in ɗebo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba yana zaune a tabarma a tsakar gida, na durƙusa na ce ni ce nake ɗaukar gem ɗin. Na zaci duka zan sha. Yaya dariya ya yi. Ya ce ƙarya nake, yarinyar da ko bulo ba ta iya jerawa ba. Can sai dariyar ta ɗauke, ya ƙura min ido ya ce, "Baba, ka tambaye ta me ya sa take son ta kare abokin nan nawa. Me ke tsakaninsu?"

Ban taɓa magana da yaron nan ba bayan gaisuwa. Amma na ga fuskar Baba ta sauya, ya dube ni irin kallon da bai taɓa yi min ba. Nan na gane ya fi musu sauƙi su yarda ina da wata ɓoyayyar hulɗa da yaro a kan su yarda na iya harba tanka.

Baba ya ce a kawo abin in buga a gabansu. Hannuna ya jiƙe da gumi, yatsata tana zamewa daga maɓalli. Ko minti ɗaya ban yi ba aka kashe ni. Yaya ya ce an gani ai. Baba ya ce in sake. Karo na biyu na daɗe, na wuce inda Yaya yake tsayawa, amma ban kai makin da ke rubuce ba. Yaya ya ce wannan sa'a ce, ko kuma abokin ne ya koya min, wanda ya fi muni.

Umma ce ta raba gardamar daga bakin murhu. Ta ce ta sha leƙa sito ta same ni bayan buhu, ta ƙyale ni don ta ga ba ɓarna nake yi ba, kuma yaron mutane bai taɓa shigowa gidan nan Yaya ba ya nan ba. Baba ya tambaye ta me ya hana ta faɗa tun farko. Ta ce ba wanda ya tambaye ta, maza kawai ake tambaya.

Washegari Baba ya tasa Yaya a gaba suka tafi Limawa ba wa Malam haƙuri. Malam ya karɓe su da mutunci, sai dai ya sake tambaya har sau biyu ko da gaske 'ya mace ce. Ya ce ya yafe, amma dokar hana ɗansa zuwa gidanmu tana nan, tunda dai an tabbatar ana wasan a can. Yaya da abokinsa sun ci gaba da gaisawa a hanya, amma ban sake ganinsu a keke ɗaya ba. Yaya ya yi wata guda ba ya min magana, kuma har ya tafi makarantar kwana bai taɓa cewa ya yarda ni ce ba.

Bayan wasu shekaru, lokacin da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu, wani ya buɗe shagon gem na talabijin a hanyar Islamiyyarmu. Samari ne kaɗai ke shiga, kuma manyan unguwa suna yawan tambayar abin da ake yi bayan labulen. Idan na zo wucewa da hijabina nakan rage sauri, in saurari ƙarar harbin, in yi ƙoƙarin gane wanda ke cin wani. Ban taɓa juya kaina sosai ba. Duk da haka wata maƙwabciyarmu ta zo ta tambayi Umma wa nake dubawa a shagon nan. Daga ranar na koma bin hanyar bayan masallaci, wadda ta fi nisa.