Gonata da ta ceci ƙauye

Aji huɗu na yi a firamare, amma shekarar da masu binciken macizai suka zo ƙauyenmu, can bayan Bagwai, ni suka ɗauka ma'aikacin daji na wata biyu. Aka ba ni takalmin roba har gwiwa, da sanda mai ƙugiya, da biro wanda na maƙala a aljihu don maƙiya su gani.

Shugabarsu wata Dakta ce 'yar siririya. Ta ce in aka tabbatar akwai kububuwa a yankinmu, za a riƙa ajiye allurar dafi a asibitinmu. In babu, sai dai a ci gaba da ɗora wanda aka sara a babur zuwa birni, kuma ba duka ke kaiwa ba.

Kwana huɗu muna zaga gonaki, ko saɓa ba mu gani ba. Sai na je na tsugunna gaban Mai Unguwa.

"Ranka ya daɗe, ina macizanmu?"

"Ka ji ka! Baƙi za su zo, mu bar su a cikin ƙazanta? Na sa an share gari da gonaki, an ƙone tulin kara, an kashe na kashewa."

Wato yadda ake share zaure don baƙo, haka suka share mana aikin.

Dakta ta fara naɗe takardunta. Na ce, "'Yata, dakata. Akwai gona ɗaya da tsintsiya ba ta taɓa kusanta ba."

Tawa ce. Karan bara da na bara waccan suna nan a jibge, ga suri biyu, ga tsohon rumbu da ya rushe, ɓeraye sun yi unguwa a ciki. Shekaru uwargida tana yi mini gori a kanta. Na sa ƙugiya na ɗaga dami na farko, sai muka ji wannan hucin na kububuwa. Dakta ta ja da baya, ta kuma matso tana dariya.

"Baba, wannan ba gona ba ce, makaranta ce!"

Ni na riƙe sanda, ita tana awo da hoto, har la'asar.

Kafin girbi allurar ta iso, aka sa ta a firij. Wanda ya fara amfana da ita ƙanen Mai Unguwa ne, a gonar gyaɗa. A can kububuwa ta sare shi, aka yi masa allurar, da ƙafarsa ya dawo gida.