Furen Daddoyar Dutse

Ni dai ba a taɓa rena kunun zaƙina ba. Zamanin da Turawan kuza ke Riruwai, in ana suna ko biki a unguwarmu, tukunyata ake aikowa a ɗauka. Amma akwai daminar da uwar mijina ta tashi daga zazzaɓi, bakinta ya mutu. Ba ta cin komai, kullum sai ramewa, har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu.

Na dama mata kunu da citta da kanumfari. Ta shinshina, ta ture ƙoƙon.

"Inna, ko kurɓi ɗaya."

"Ke 'yar nan, wannan ai ƙamshin kasuwa ne. Na kakata, ƙamshin dutse yake yi bayan an ɗauke ruwa."

Na gwada kimba, na gwada masoro, duk a banza. Sai Bafillatanar da ke kawo mana nono ta ji ina ƙorafi, ta tuntsire da dariya.

"Ke da ake yabon hannunki har a ruga, ba ki san daddoyar dutse ba? Ba irin ta bayan ɗakinku ba fa, ta miya."

Washegari da sassafe muka hau dutsen, ni da ita. Har yau in na rufe ido ina ganin wurin. Gajimare ya sauko yana yawo tsakanin duwatsu, raɓa ta jiƙa mana zane, ga ƙananan furanni shuɗi-shuɗi a tsagin dutse, ƙudan zuma na ta guna. Ta ce in bar ganyen, in tsinki kan furen da zuma ta fi sauka. Na tauna ɗaya: yaji a harshe, sanyi a maƙogwaro, ƙamshi har cikin ka.

Da farko na niƙa shi da gero yadda ake yi wa citta, na sheƙa tafasasshen ruwa. Gida ya game da ƙamshi, maƙwabta na leƙowa ta katanga, amma kunun ya fito da ɗaci, ƙamshin ya bi tururi. A nan na gane fure ba ya son wuta.

Karo na biyu sai na bari kunun ya huce, har yatsa zai iya zama a ciki. Na zuba tsiron dawa, wanda shi ke kawo zaƙi, na ƙulle furen a farin ƙyalle, na nutsar, na rufe da faifai ya kwana. Da safe na tsame ƙullin, na tace.

Inna ta riƙe ƙoƙon da hannu biyu, ta daɗe hancinta a kai, idonta a rufe. Ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Sai ta fara ba ni labarin wata rijiya a gindin dutse, da kakarta tana waƙa tana tatar kunu.

Da ƙoƙon ya ƙare, ta miƙo mini.

"Tsaya kallona kike? Ƙaro. Kuma da rana ki yi mini ɗanwake, ki sa mai sosai."